Bakin da Goggo Asabe Ba Ta Kwance Ba

Ranar Talatar da ta wuce Goggo Asabe ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni tun ina ɗan shekara huɗu, bayan Allah ya karɓi ran mahaifiyata. Ni tela ne a kasuwar Azare. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban taɓa rubuta wa jarida komai ba sai yau. Kowace shekara in wannan rana ta zagayo, nakan sa a yi waina a raba, in je maƙabarta in yi mata addu'a, in koma bakin kekena. Bana hakan bai ishe ni ba. Akwai maganar da na riƙe a cikina shekara ashirin da shida, kuma wani fim ya zo ya tono ta.

Manyan Azare da na Katagum za su tuna wasan Dudu. Tsohon wasan kwaikwayo ne, tun kafin a haife ni ake yin sa. Dudu tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya Jatau shi ne babban mai fito a bakin kogi. Wata damina aka aiko mata cewa wanta yana kan gargara a hayin ruwa. Ta ɗauki ƙwaryar fura ta zo a haye da ita. Jatau yana da tsohuwar gaba da kawun nasa, don haka ya ƙi, ya kuma hana sauran masu fito su ɗauke ta. Tana nan tsaye har labari ya iso cewa wan nata ya cika. A nan ne take cewa: "Ruwan da ka hana ni hayewa, Jatau, kai ma kada ya bar ka ka haye." Kwana uku bayan haka jirginsa ya kife. Wasan ke nan.

Goggo malamar yaƙi da jahilci ce, tana koyar da matan aure karatu, kuma ita ce Dudu a ƙungiyar wasa ta garinmu. Ni ne Jatau. Ba don na iya wasa aka ba ni ba. Goggo ce ta ce in ba ni ba, ita ba za ta yi ba. Shugaban ƙungiyar, wani malamin makaranta, ya kawo mata samari biyu da suka fi ni murya da tsayi, ta ce a mayar da su.

"Ba na yi wa ɗan wani baki," in ji ta. "In har zai kama, gara ya kama wanda nake kwana gida ɗaya da shi, in iya kwancewa."

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Kuma da gaske take. Duk ranar da muka yi wasan, kafin ta cire kayan Dudu, sai ta kira ni bayan labule. Ta ɗebo ruwa a wani ɗan kwanon sha mai ruwan ganye da take sa wa a jakarta. Ta kurɓa, ta miƙo mini in kurɓa, ta kira ni da sunana na gaskiya, ta ce: "Sulaimanu, ba da kai nake ba. Na kwance. Allah ya yi maka albarka." Sauran 'yan wasa har tsokanarmu suke yi, su ce ga Dudu can tana ba gawa ruwa. Shekara shida muna haka, a Azare, a Gadau, a Bulkachuwa, sau biyu a Gololo. Ba ta taɓa mantawa ba.

Bari in faɗi yadda take yin Dudu, don waɗanda fim kawai suka gani su sani. A filin makaranta muke yi, bayan la'asar. Labulenmu zannuwan gado ne. Kogin kuwa turmin yadi ne shuɗi, mata biyu suna riƙe da bakinsa suna kaɗawa. Jirgi benci ne da aka kifa. Goggo takan fito ba takalmi, da koɗaɗɗen zane, ƙwarya a kafaɗa. Ba ta ihu. Idan an zo wurin bakin, sai ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, ta juya wa jama'a baya, ta juya mini baya ni ma, ta fuskanci yadin nan, ta faɗi maganar ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa kanta magana. Na baya ba sa jin ta sosai. Amma fili yakan yi tsit har ka ji kukan tumaki a gidajen makwabta. Mata sukan toshe kunnuwan 'ya'yansu. A Gadau wata tsohuwa ta taɓa miƙewa ta ce, "Janye, Dudu, ɗanki ne."

Kuma Dudun Goggo takan janye. Da Jatau ya tura jirgi, sai ta zabura ta bi bakin yadin da gudu tana kiransa, tana cewa ta fasa, amma iska ta hana shi ji. Ba a nuna nutsewar. Ni ina can bayan labule a tsugune. Wani ne yakan fito da filafilin tuƙi a jiƙe, ya ajiye a gabanta, ya juya. Sai ta zauna a ƙasa, ta ɗora shi a cinya kamar jariri, tana share masa ruwa da bakin zane. Shi ke nan sai a ja labule. Maza da gemu na gani suna goge ido da hula.

Wasanmu na ƙarshe a Katagum muka yi shi, ranar wata Alhamis. Ba mu san shi ne na ƙarshe ba. Da aka ja labule na je na tsaya inda na saba tsayawa. Goggo ta fito da kwanon daga jaka, ta dube shi, ta mayar.

"Na manta, azumi nake yau. Bari mu je gida, in na sha ruwa sai a yi."

Na ce to. A hanya motar ta lalace, a gefen titi ta sha ruwa cikin mata, mu maza muna can muna turi. Da muka iso gida muka tarar da baƙi daga ƙauye sun kawo mara lafiya asibiti, gidan ya cika. Ta shiga hidimarsu. Washegari na gaishe ta, na yi ta jira ta ɗauko maganar, ba ta ɗauko ba. Ni kuma kunya ta hana ni. Yaya zan ce wa wadda ta goya ni, Goggo kin manta ba ki kwance mini baki ba? Kamar ina cewa na yarda tana nufina da sharri. Na ce wa kaina, wasa na gaba in ta kwance, ya haɗa da wannan.

Ba a sake yin wasa ba. Aka yi wa shugabanmu canjin wurin aiki, finafinan kaset suka cika gari, kowa ya watse. Goggo ta yi shekara goma sha biyar bayan nan. Kusan kullum ina gaishe ta, kullum tana sa mini albarka. Na sani. Na lissafa wannan da kaina sau ba adadi, ba sai an lissafa mini ba. Amma ba ruwa, ba kwano, ba ta ce "na kwance" ba. Sau uku na shirya zan faɗa. Na farko na tarar tana zazzaɓi. Na biyu tana cikin farin ciki, ranar da aka haifi 'yata Ummi, na ce ba yau ba. Na uku a ciwonta na ajali ne, da hantsi, bayan ɓarin jikinta ya shanye. Na ɗauko kwanon da kaina, na zuba ruwa, na tallafi kanta ta kurɓa, ni ma na kurɓa. Na jira. Ta dube ni, leɓenta yana motsi, amma harshen ya riga ya tafi. Har yau ban san me take so ta ce ba. Wataƙila ƙarin ruwa take nema.

Tun daga ranar Katagum ban sake shiga jirgin ruwa ba. Gada nakan jure ta, in runtse ido a mota in yi ta salati har mu wuce. Kwalekwale kuwa ko a kan tudu na gan shi sai in kau da kai. Ban faɗa wa kowa dalili ba sai mai ɗakina, Hajara, ita ma sai da muka yi shekara takwas da aure.

Bana da rani aka fitar da wasan Dudu a fim. Makwabcin shagona, Emeka, mai sayar da kayan wuta, wanda a Azare aka haife shi kuma ya fi ni iya zagin Hausa, shi ya kunna a talabijin ɗin da yake ajiyewa a ƙofar shago. Ya leƙo ya ce, "Oga Sule, fito ka ga ƙaninka. An ce kai ne Jatau na farko." Na fito da almakashi a hannu na tsaya.

Ba zan zalunci yarinyar da ta fito a Dudu ba. Ta iya. Akwai abin da fim yake nunawa wanda filin makaranta ba zai iya ba. Lokacin da aka ce mata wanta ya cika, an matso da fuskarta har ta cika gilashin, na ga yadda ƙasan idonta yake rawa kafin hawayen ya fito. A wurinmu na layin gaba ma ba sa ganin wannan. Kogin na gaske ne, jirgin na gaske ne. Na yaba.

Amma wata Dudu ce daban. Yarinya ce aka shafa wa hoda a gashi, da leshi a jikinta da zobe. An ƙara mata abin da babu shi a wasan, har an nuna ta tana shiga wurin boka kafin ta zo bakin ruwa. Da aka zo wurin bakin, ba ta juya baya ba. Ta dubi mai kallo ido cikin ido, ta nuna shi da yatsa, ta ɗaga murya, aka sa tsawa da kiɗa, aka maimaita maganar har sau uku. Ni take nunawa. Na san ba ni ba ne, amma ni ne a tsaye a gaban gilashin. Kuma ba ta bi bakin kogi tana janyewa ba. Tsayawa ta yi a kan tudu, iska tana kaɗa mayafinta, tana kallon jirgin yana juyawa. An nuna nutsewar duka, har hannun Jatau da ya rage a sama yana buɗewa yana rufewa.

Dudun Goggo uwa ce da bakinta ya riga zuciyarta. Ta fim mace ce da ta yi niyya ta cika. Wanda ya kalli ta Goggo yakan koma gida yana tsoron harshensa. Wanda ya kalli ta fim yana tsoron tsohuwar ne kawai, ko ma ya ji ta burge shi.

Na tambayi Emeka, "To in sun gama ɗauka, wa yake kwancewa?"

"Kwance me?"

"Bakin. Yaron nan ai ɗan wani ne."

Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "Oga Sule, sun shiga mota sun tafi cin shinkafa. Kai ma ga ka nan, ruwa bai ci ka ba, sai tumbi."

Ban ji haushinsa ba, bai sani ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya biyo baya. An yanko wurin bakin kaɗai, yana yawo a wayoyi. Masu shago suna tura wa juna don raha. Na ji wata mata a layin 'yan atamfa ta faɗa wa ɗanta shi da muryar fim ɗin, don ya ƙi riƙe mata leda, ita da ƙawarta suna ƙyalƙyala dariya. Na bar ɗinki na bi ta na ce, "Hajiya, don Allah ki ce kin janye." Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Na dawo shago na zauna.

Nakan tambayi kaina me Goggo za ta ce da tana nan. Ba mai ƙin sabon abu ba ce, ita ta fara sayen rediyo mai kaset a layinmu. Ina jin za ta zauna ta kalli fim ɗin har ƙarshe, ta yaba kogin, ta ce leshin bai dace ba. Sannan ta tambaya ko yarinyar tana da 'ya'ya. Abin da ba za ta gane ba shi ne maganar da ake faɗa sau dubu a rana, a bakin kowa, ba mai ita. A wurinta magana tana da mai ita, kuma mai ita ne yake bin ta ya dawo da ita.

Ina cikin wannan hali damina ta sauka. Ummi tana aure a wani ƙauye a hayin kogi, bayan Katagum. Da rani nake zuwa wurinta, lokacin da ruwan ya janye ana bi ta kan yashi da babur. Cikinta na fari ne, mun shirya za ta dawo gida ta haihu kamar yadda aka saba. Sai ruwa ya cika da wuri, naƙuda ma ta zo da wuri. Ta haifi namiji, amma ta sha wuya, ta zubar da jini da yawa. Hajara ta haye washegari. Ni na ce ina da ɗinkin mutane.

Kwana uku Hajara tana kirana ina kawo dalili. Rana ta huɗu ta ce, "Malam, ni da ba na iya tsallake kwata sai an riƙe ni, na haye. Ga ta, ka faɗa mata da bakinka." Na ji an miƙa wayar. Muryar Ummi ta fito siririya kamar ba tata ba.

"Baba, ba za ka zo ba?"

Na ce ina nan tafe. Na kashe wayar, na rufe shago da rana tsaka, na tafi wurin limamin masallacin layinmu na kwashe labarin duka na faɗa masa, abin da ban taɓa yi ba. Ya saurara yana jan carbi. Ya ce wasa wasa ne, Allah zuciya yake dubawa, kuma ajali ba ya jiran bakin kowa. Ya ce da bakin wasa yana kamawa, da rabin 'yan fim suna maƙabarta.

Na ce, "Na yarda, Malam. To ita me ya sa take kwancewa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Don ta san irin ɗan da ta goya. Ba don ruwan take yi ba, Malam Sule, don kai take yi."

Na so wannan magana ta ishe ni. Ta rage wani abu, ba ta cire shi ba. Na koma gida na ware ɗinkin mutane, kowanne na maƙala masa takarda da sunan mai shi, don kada a sha wahala in ban dawo ba.

Ranar Asabar da safe na shiga mota zuwa Katagum, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni bakin ruwa. Ban taɓa ganin kogin haka ba. Ja ne kamar kunun kanwa, faɗinsa ya cinye gonaki, kan dawa kawai ake gani a wasu wurare. Jirgin da ya zo katako ne, ruwa yana tsattsafowa ta ƙasansa, an ɗora babur ɗaya da awaki biyu da buhunan taki. Na bar shi ya tafi. Na bar na biyu ma. Mai fiton, wani dattijo mai furfura a gemu, da ya dawo karo na uku ya ce, "Alhaji, kifi kake jira ko mutum?" Na shiga.

Na riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Ya ce, "Saki, ka koma tsakiya. Kai kake karkata mana shi." Na saki. Ban san inda zan sa hannuwana ba, sai na rungume ledar kayan jaririn da na ɗinka. Mun kai tsakiya, inda ruwan yake juyi yana jan jirgin gefe, sai wani magidanci da ke zaune kan buhu ya taɓa wayarsa, muryar Dudun fim ta fito da tsawarta, da sunan Jatau, a kan ruwa. Ba zan iya faɗin abin da na ji ba. Na dai san na nemi salati na rasa farkonsa.

Wata tsohuwa ce a gabana, da ƙwaryar nono a cinya. Ba ta ko juya ba ta ce, "Kai, kashe wannan. A kan ruwa muke, kuma kowa a nan ɗan wata ne."

Ya kashe, har da ba da haƙuri. Mai fito ya ci gaba da tuƙi. Na kafa idona a kan ƙeyar tsohuwar nan, ban ɗauke ba har ƙasan jirgin ya gogi yashi.

Ummi tana kwance, ta rame, amma ta tashi zaune da ta gan ni. Ta miƙo mini yaron, ta dubi fuskata, sai ta janye shi. "Baba, zauna tukuna, kada ka yar mini da shi." Hajara ta juya fuska tana dariya, ko kuka, ban tantance ba. Na kwana biyu, aka yi suna, na sake shiga jirgin na dawo.

Ba zan ce wa masu karatu tsoron ya tafi ba, don ƙarya ne. Ban sani ba ko bakin nan a kwance yake ko a ɗaure, kuma wadda za ta faɗa mini tana ƙarƙashin ƙasa shekara goma sha ɗaya. Babu kaset ɗin wasanta, babu hoto ko ɗaya da kayan Dudu a jikinta. Waɗanda suka gan ta a filin makaranta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma jikana in ya girma Dudu mai leshi zai sani. Abin da ya rage na Goggo ba a gilashi yake ba. Na raini 'ya'ya biyar, sun ɓata mini rai kamar yadda 'ya'ya suke yi, ban taɓa buɗe baki na yi wa ɗayansu mummunar kalma ba, ko da wasa, don na san nauyinta a kan wanda aka faɗa wa. Wannan daga wurinta na samo shi, tare da tsoron. Ban iya raba su ba, kuma na daina ƙoƙari. Allah ya jiƙanta, ya sa kada a tambaye ta komai a kaina.

Da zan taho, Ummi ta ce in ta gama wankan jego tana so ta zo gida ta huta. Surukina ya ce lokacin ruwan bai janye ba tukuna, amma zai sa ƙaninsa ya rako ta. Ta ce a'a. Ta dube ni ta ce, "Baba ne zai zo ya ɗauke ni."

Na ce to, tun kafin in yi tunani. Yau saura kwana ashirin da uku.